Shaidar da Auwalu Bai Rubuta Ba

Auwalu mutum ne mai fara'a, amma yana da wani hali da ya fi rowa muni: bakinsa bai iya cewa a'a ba. Ko zuciyarsa ta ƙi abu ƙememe, sai ka ji ya ce, "Ba komai, kamar an yi." Daga nan kuma sai ka neme shi ka rasa.

Tun shekarar 1980 suke zaune gida ɗaya a garin Takoma Park na ƙasar Amurka su uku: shi, da Katung mutumin kudancin Kaduna, da Razali ɗalibi ɗan Malesiya. Takardun zaman Katung sun daɗe da ƙarewa, a ɗarare yake tuƙin tasi. Sai aka yi dokar afuwa ga waɗanda suka shigo ƙasar kafin 1982, in sun kawo hujja kafin wa'adi ya cika a watan Mayun 1988. Katung ba shi da wata takarda mai sunansa da ke nuna daɗewarsa a ƙasar, don haka lauya ya ce ya samo shaidu biyu su rubuta rantsuwa su sa hannu.

Da Razali Katung ya fara. Razali ya ce, "Ba zan yaudare ka ba. A yarenmu akwai kalmar enggan. Ba kasawa take nufi ba, mutum zai iya amma ransa ba ya so. Gwamnatinmu ce ta turo ni karatu, ina tsoron sa sunana a nan. Ka nemi wani tun da sauran lokaci."

Ran Katung ya ɓaci ƙwarai. Ya kai wa Auwalu ƙara, shi kuwa gogan naka har da riƙe baki. "Kai, wannan ba shi da kara! Haba mutumina, ni zan rubuta maka. Kamar an yi."

Alhali a ransa ya fi Razali tsoro, don shi ma yana wani aiki a ɓoye, ba ya son ofishin shige da fice ya san da zamansa.

Cikin mako biyu Katung ya sami Martha, wata ma'aikaciyar jinya 'yar cocinsu, ta maye gurbin Razali. Gurbin Auwalu kuwa bai nemi kowa ba. Wa zai nemi abin da yake ganin yana hannunsa? Wata biyar Auwalu yana ja masa rai: yau mura, gobe jarrabawa, jibi "ai na fara, saura gyara."

Ranar ƙarshe da sassafe Katung ya ƙwanƙwasa ƙofar Auwalu. Shiru. Tun asuba Auwalu ya sulale zuwa birnin Baltimore, ya yini a can. Takardun Katung suka shiga da shaida ɗaya, ba a amince da su ba, daga bisani aka ba shi wa'adin barin ƙasar.

A filin jirgin sama na Dulles, Razali ne ya ɗauki akwatin Katung. Auwalu ya iso yana sunkuyar da kai, ya ce, "Wallahi tsoro na ji."

"Razali ma tsoron ya ji," in ji Katung, idanunsa sun kaɗa. "Amma shi ya faɗa mini a ido, ya bar mini wata biyar. Kai ka ce to, ka cinye su. Shekara takwas muna cin tuwo a kwano ɗaya, Auwalu."

Ya rungumi Razali ya wuce. Hannun da Auwalu ya miƙa yana nan a miƙe har Katung ya ɓace cikin mutane.

Darasi: idan ranka bai so abu ba, ka faɗa tun da wuri, cikin mutunci. Wanda ka ce wa a'a zai ji zafi, amma zai nemi wata hanya. Wanda ka ce wa to da ƙarya kuwa zai zauna yana jiranka har damarsa ta wuce, kuma wannan cin amana ne.