Kurege Ya Kai Kura Kasuwa

Kai Tanimu, ke Asabe, ku ajiye wayoyin nan ku matso. Don kun yi 'ya'ya ba ku fi ƙarfin tatsuniya ba. Ga ta nan, ga ta nanku, da ɗuminta.

"Ta zo mu ji ta, Inna."

Kurege ne ya ga gardawa masu wasa da kura a kasuwa, ana yi musu ruwan gyada da ƙosai. Yawunsa ya tsinke. Sai ramin Kura.

"Yaya Kura, wahalar me kike sha a daji? 'Yan uwanki na gari rawa kawai suke yi, ana jefa musu tsire."

"Tsire?"

"Tsire. Sai ɗan takunkumi, don ado."

Kura ta miƙa baki. Ya ɗaure, ya sa igiya, ya ja ta kasuwa. Kura ta yi rawa, Kurege ya ci. Kashegari Kura ta yi rawa, Kurege ya ci. Har haƙarƙarinta suka fito.

Rannan sai ga Sarkin Kasuwa da sabuwar doka: duk mai riƙe da igiyar naman daji, ya cire masa takunkumi da hannunsa, ya ciyar da shi sai ya ƙoshi. Wanda ya ƙi, dogarai su cire, a kulle shi da naman dajin ɗaki ɗaya.

Kurege ya leƙa buhu, wayam. Kura kuwa tana dubansa tun daga kunne har wutsiya.

Wuf, ya zarga igiyar a wuyansa, ya fashe da kuka.

"Ranka ya daɗe, Allah ya kawo ka! Ni ne naman dajin. Wannan azzalumar ke yawo da ni."

"To me ya kai takunkumi bakinta?"

"Don kada ta cinye sana'arta. Ta san halinta."

Sarkin Kasuwa ya ce, "A kwance mata baki mu ji nata."

Dogarai duk suka shiga gyaran rawani.

"To, a fara kwance ƙaramin."

Ya sunkuya da kansa ya kwance Kurege. Kurege ya yi godiya, ya shige rami. Sarkin Kasuwa ya ɗago, ga igiya a hannunsa, ga Kura, ga jama'a sun ji doka da kunnensu.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya mini. In za ka kafa doka a kan igiya, ka zuba hannuwanka a aljihu.

To, ku da kuka yi boko, ku raba mini gardama. Wa zai cire takunkumin nan? Kura dai har yanzu ba ta karya ba.