Tsatsa a Ƙarƙashin Fenti

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya fara koyon walda, ya ce tartsatsi na cin idonsa. Ya koma gyaran jikin mota, ya ce ubangidansa ya cika faɗa. Ya taɓa fenti, ya taɓa gyaran janareta. Ko'ina sai ya tsinci kaɗan ya yi gaba.

Sai Allah ya haɗa masa guntayen nan suka zama sana'a guda. Yakan je wurin 'yan gwangwan ya sayo tsofaffin injuna: keken ɗinki, injin niƙa, injin ban ruwa. Ya kwance, ya wanke da kananzir, ya kankare tsatsa, ya sauya abin da ya mutu, ya fesa fenti. Har aka sa masa suna Sabo Dal. Ya kama shago, ya yi aure.

Da farko aikin gaskiya yake yi. Amma kankare tsatsa sai mai haƙuri, shi kuwa ba shi da shi. Ran nan ya tuna da ƙullun nan da ake cike lotsewar mota da shi. Ya shafa a kan wata tsaga, ya goge, ya bi da fenti. Aikin kwana da kwanaki ya ƙare kafin azahar, ba wanda ya gane. Daga ranar ya daina gyara, ya koma rufewa.

Wata rana ya sayo injin bugun iska, irin na masu faci. Ƙasan tukunyar da ke tara iskar ya ruɓe, don ruwa ya daɗe kwance a ciki. Ya danna da ƙarfe, wurin ya lotsa. Ya gani da idonsa. Ya cike da ƙullu, ya fesa jan fenti, ya ajiye a bakin shago tana sheƙi.

Sai ga ƙanin matarsa, mai faci ne a bakin titi. Shagon kuwa cike da masu saye.

"Yaya, wannan tawa ce. Ka ɗauke mana mace sukutum, sai ka hana ni ƙarfe?"

"Kai da tayar keke ma sai ka huta? Bari in nemo maka wata."

"Wata kuma? Wannan me ya same ta?"

Ga tela yana juya keke. Ga mai niƙa ya ɗago kai. Kowa na jiran amsa. Idan ya faɗi gaskiya, me za su ce game da nasu injunan?

Ya ce, "Lafiyarta lau."

Ƙanin matar ya ɗauke ta ya tafi. Daga ranar zama ya gagari Sabo Dal. Ya ɗauki guduma ya ajiye. Ya buɗe shago ya rufe. Matarsa ta ce, "Maigida, ko ba ka da lafiya ne?" Ya ce zafi ne. Kullum sai ƙafa ta kai shi titin masu faci, ya tsaya nesa yana sauraren ƙarar injin. Sau nawa ya ƙarasa da niyyar faɗa? Da an tura masa benci sai ya ce hanya ce ta biyo da shi. Iyakar abin da ya iya cewa shi ne, "Kada ka riƙa cika mata iska sosai."

Ƙanin matar ya yi dariya. "Yaya, tukunyar iska ce fa, ba ta miya ba."

Ran nan da rana tsaka wata babbar mota ta tsaya, manyan tayoyi na son iska mai yawa. Ƙanin matar ya tsuguna kusa da tukunyar yana jira ta cika. Ƙasanta ya fashe. Ya rayu, amma ƙafarsa ta dama ba ta tsira ba.

Wani ya tsinci ɓallin ƙarfen a tsakiyar titi. Sama ja, ƙarƙashi farin ƙullu, can ciki tsatsa na marmashewa kamar busasshen ganye. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu.

Kafin mako ya zagayo, duk wanda ya taɓa sayen inji a wurinsa ya sa makulli ya kankare fentin. Har aikinsa na gaskiya na farko ba wanda ya ƙara yarda da shi. Matarsa ta tafi jinyar ƙaninta, ba ta dawo ba. Da ya je asibiti, maras lafiyan bai zage shi ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya, ai na tambaye ka."

Ya 'yan uwa, ha'inci ne ya haƙa masa ramin, amma kunyar mutane ce ta tura shi ciki. An ba shi dama a bakin shago, an ba shi a kan benci, kullum yana ɗagawa zuwa gobe. Mu fa? Wace tsaga muka shafe yau? Wa yake tsugune kusa da ita, ya amince da mu? Wanda ya san ya rufe wani aibi, ya tashi yanzu ya je ya faɗa. Kunyar yau da sauƙi.

Allah ya kiyaye mu daga rufe aibin abin da muke sayarwa, ya ba mu bakin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Amin.