Tsayuwar Zalɓe da Ƙafa Ɗaya

Dalilin da ya sa zalɓe ke tsayawa da ƙafa ɗaya a bakin ruwa, ƙiƙam kamar an dasa shi, ku matso ku ji. Wanda ya katse ni kuwa, kunnensa zai gaya masa.

A da, Zalɓe ba ya iya zama wuri ɗaya. A wani tsibiri yake mai yawan kwakwa, can tsakiyar teku, kullum yana zirga-zirga yana yabon wuyansa. Ran nan jirgin ruwa ya sauke wani mai hoto, Ilu, da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Ya ɗauki hoton Aku, ya ɗauki Kunkuru, har Ƙaguwa sai da ya ɗauka.

Abin ya ci Zalɓe. Ya ce, "Malam Ilu, ka ɗauki mai tafiyar karkace, ka bar ni?"

Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ne ba ka tsayuwa. Akwatin nan ba ya kama mai motsi. Kana motsawa, hayaƙi za ka fito."

"Ni? Hayaƙi? Gyara akwatinka."

Ya shiga ruwa, ya miƙe wuya. Ƙaguwa ta leƙo daga raminta ta ce, "Ango, ƙafarka ta hagu duk taɓo ce." Wuf ya naɗe ta ƙarƙashin fiffike.

Ilu ya cusa kai cikin ƙyalle. "Yauwa, haka nan. Kada ka motsa sai na ce." Sai ya ga gilashin ɗaukar hoto ya ƙare, sauran na jirgi. Ya ce yanzu zai dawo. Yana hawa jirgin, ruwa ya soma janyewa, matuƙi ya rantse ba zai bari jirginsa ya kafe a yashi saboda tsuntsu ba. Suka yi gaba da Ilu.

Ƙaguwa ta ce, "Ango, sauke ƙafa, mai hoto ya tafi."

"Ga akwatinsa nan yana kallona. So kike in fito hayaƙi, ke ki fito mutum."

Yunwa ta taso. Wani kifi ya zaci ƙafar kara ce, ya raɓe ta. Caf, Zalɓe ya haɗiye shi, ya koma tsayuwarsa, ya tambayi Ƙaguwa ƙasa-ƙasa, "Akwatin bai gani ba ko?"

Akwati dai tuni gara ta cinye. Shi ya sa har yau zalɓe ke tsaye da ƙafa ɗaya, yana satar kifi da sauri, yana jiran Ilu ya ce ya motsa.