Limamai Biyu a Salla Ɗaya

An yi wani mutum a nan Gaya, ba zan kama sunansa ba saboda yana da iyali. Wata ƙungiyar manoma ce ta ɗauke shi ya kula da kwamfutocin da ake rubuta sunayen masu karɓar irin gero da wake kafin damina. Wanda sunansa bai fito ba, ba shi da rabo a wannan shekara.

Babbar kwamfutar tana Gaya. Akwai ƙanana a Ajingi da Kademi da Balan. Duk sunan da aka shigar a ƙauye, babbar ake aika wa, sauran su kwafa daga wajenta.

Ran nan wutar lantarki ta lalata babbar. Shugabanni suka ce ta Ajingi ta shige gaba. Suka umarci mutumin nan ya juya ta Kademi da ta Balan su koma bin ta, idan ta Gaya ta gyaru ita ma ta bi baya.

Ya ce to, amma abin ya tsaya masa a rai. Yaushe Gaya za ta bi Ajingi? Cikin kwana biyu ya gyara tasa, ya sake kunna ta a matsayin babba, ya bar Kademi da Balan suna aika mata sunaye. Da aka tambaye shi ko ya juya su, ya ce, "Ai tuni."

Ya 'yan uwa, idan alwalar liman ta karye ya jawo wani gaba, ya je ya dawo, ina yake tsayawa? A sahu, yana bin wanda ya sa. Kun taɓa ganin ya ture shi ya ci gaba da kabbara da rabin masallaci?

Saura kwana uku motar iri ta iso, wani dattijon Kademi, Malam Datti, ya biya ofishin Ajingi a duba masa sunansa. Ma'aikaciyar wurin, Zulfa, ta duba ba ta gani ba. Ya ce, "'Yata, a gabana aka rubuta, ga takardata." Ta sake dubawa, ta duba kwanakin baya. Kwana tara ba suna ko ɗaya daga Kademi ko Balan.

Aka zo Gaya aka tarar da tsohuwar kwamfutar tana aiki a matsayin babba, da sunan mutum ɗari uku da goma sha bakwai a cikinta. Wani gwani mai suna Inuwa ya kwashe su ya kai Ajingi, ya share tsohuwar, ya juya dukansu suka bi ta Ajingi. Alhamdu lillahi, kowa ya karɓi irinsa, aka yi shuka a ruwan farko. Wallahi har yau in na tuna da gidajen nan sai na ji sanyi a raina.

Shi kuwa gogan, a gaban kowa aka karɓi makullan ofis daga hannunsa. Yau ko waya ba mai ba shi gyara.

Girman kai ne ya kai shi ga ƙarya, ƙarya ta kai shi ga cin amana. Wanda aka ce ya koma sahu, ya koma, babu abin da ya ragu a sallarsa.

Allah ya kiyaye mu da son gaba, ya sa mu riƙe amanar bayinsa. Amin.