Ƙwan Zabi a Ƙarƙashin Kaza

Akwai wata mace da aure ya kawo ta daga birni zuwa wani ƙauye a gindin dutse. Mace ce mai tsabta, mai kunya, ba ta fashin sujada ranar Lahadi, amma ba ta iya aikin ƙauye ba. In ta ɗauko tulu, sai ruwa ya jiƙe mata baya. In ta yi surfe, sai rabin hatsin ya watse a ƙasa. Matan unguwa suka sa mata suna 'Yar Birni, har sunanta na baftisma ya ɓace a bakin mutane. Ba ta taɓa mayar musu da magana ba, amma abin yana cin ta a rai.

Da damina ta yi nisa, gero ya fara fid da kai, sai ta tafi gaishe da uwar mijinta, wata tsohuwa mai kiwon zabi a ƙetaren rafi. Zabuwa kuwa ba ta iya reno ba, shi ya sa masu kiwo sukan kwashe ƙwanta su sa wa kaza ta ƙyanƙyashe. Da za ta koma gida, tsohuwar ta fito da ƙwarya cike da ƙaiƙayi, da ƙwan zabi goma sha biyu a binne a ciki.

Ta ce, "Ungo, 'yata. Na ji an ce baƙar kazarki tana neman kwanci. Ki sa mata waɗannan. In Ubangiji ya yarda, baɗi war haka kina da naki garken." Sai ta ƙara da cewa, "Kin dai san kwancin zabo ko?"

Matar ba ta sani ba. Amma ta gaji da cewa "ban sani ba" a ƙauyen nan. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Na sani, Inna."

Tsohuwar ta ce, "To, madalla."

A hanya ta ƙudura a ranta ba za ta gaya wa kowa irin ƙwan da ta samo ba. Sai dai a wayi gari a ga 'Yar Birni da zabi goma sha biyu a tsakar gida, a ga bakin da zai sake yi mata dariya. Mijinta yana can gona mai nisa inda yake kwana saboda noma, don haka ba mai tambayarta. Ta shimfiɗa ciyawa a cikin wata fasasshiyar tukunya a lungun madafa, ta jera ƙwan, baƙar kaza ta hau ta kwanta.

A ranar nan kuwa maƙwabciyarta, mai suna Afiniki, ita ma ta sa wa jar kazarta ƙwan kaji goma. Ta leƙo ta kan danga ta ce, "'Yar Birni, na ji kazarki ta yi shiru. Ta kwanta ne?"

Ta ce, "Ta kwanta yau."

Afiniki ta tafa hannu ta ce, "Ashe rana ɗaya za mu yi suna! Ki fara tanadin shinkafa."

Kazar ta kama aikinta. Tana kwance, tana juya ƙwan da baki. Sau ɗaya a yini takan sauka ta ci dusa, ta sha ruwa, ta yi birgima a toka, ta koma. Matar ce ta rasa zama. Kafin rana ta yi tsaka ta ɗaga kazar sau uku. Takan ɗauki ƙwai ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa, amma ɓawon zabo kauri gare shi, ba ta ganin komai. Takan kai shi kunne ta girgiza. In ta zauna cin tuwo, sai tunani ya hana ta ci. In suka ruɓe fa, me zan ce wa Inna? In suka fito, shirwa fa? In suka girma suka gudu daji fa, kamar yadda aka ce zabi suna yi? Ta yi ta baƙin cikin zabin da shirwa ba ta ɗauka ba tukuna, har zanenta ya fara yi mata yawa.

Ya zama a rana ta ashirin da ɗaya, da hantsi, sai ta ji guɗa daga bayan danga.

"'Yar Birni! Fito ki yi mini barka!"

Ta fita, ga jar kaza tana tafe tana ƙoƙoƙo, da 'yan tsaki tara a bayanta. Ta yi barka da baki kawai.

Afiniki ta ce, "Naki fa? Ba rana ɗaya muka sa ba?"

Ta ce, "Suna nan tafe."

"Tafe daga ina? Daga birni? A mota za su zo ke nan!"

Kashegari a bakin rijiya, kowace mace ta gaishe ta sai ta ce, "Ina labarin kaza?" Wata dattijuwa ta ƙirga da yatsu ta ce, "Kwana ashirin da biyu, ko tsaga babu? Yarinya, baragurbi ne. Ki zubar tun ba su fashe sun cika miki madafa da wari ba." Matan nan gaskiya suka faɗa iyakar saninsu, gama suna tsammani ƙwan kaza ne. Da ta buɗe baki ta ce na zabi ne, da an warware mata a nan take. Da ta ƙetare rafi ta tambayi tsohuwa, da ta dawo kafin azahar. Amma ta riga ta ce ta sani, kunya kuwa ta riƙe mata harshe da ƙafa.

A rana ta ashirin da uku ta kasa jurewa. Ta ce, "Bari in fasa ɗaya kawai, in san inda nake." Ta zaro ƙwai ɗaya daga ƙarƙashin kaza, ta zaga bayan ɗaki, ta buga shi a dutse. Bai fashe ba sai a bugu na biyu. Ba wari. Ga ɗan zabo a naɗe a ciki, jiƙe, da zane-zane a kansa, da ƙafafunsa, da komai nasa, sai dai gwaiduwa tana nan manne a cikinsa, bai gama shanye ta ba. Ya buɗe baki sau biyu a tafin hannunta, ya mutu.

Mai hankali da ya ga haka, da sai ya ce, ashe suna da rai, bari in cire hannuna. Amma tsoro ya riga ya ci ta. Ta ce, "Wayyo, suna da rai, ɓawon ne ya yi musu tauri! Na Afiniki sun kwana biyu a waje. In na bar waɗannan, a ciki za su shaƙe."

Ta shiga madafa da sauri, ta janye kazar. Kazar ta yi kuka, ta tsattsage ta a hannu, amma matar ta kife ta da kwando. Ta ɗauko ƙusa, ta zauna, ta bi ƙwan nan goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya, tana hudawa tana ɓare wa kowanne 'yar ƙofa. Kowanne ta ɓare, sai jini ya fito, ta goge da bakin zane. Tana yi tana addu'a, tana cewa, "Ya Ubangiji, ka taimake ni," a kan aikin da Ubangiji bai aike ta ba. Da ta gama ta mayar da su, ta saki kazar.

Kafin azahar ta kashegari ba sauran mai motsi. Kiyashi suka yi layi zuwa tukunyar. Kazar ta tashi, ta dube su, ta fita tsakar gida ta kakkaɓe fikafikanta, ba ta sake komawa ba. Matar ta haƙa rami a bayan madafa ta binne su. Da Afiniki ta tambaya, ta ce, "Baragurbi ne, yadda kuka faɗa."

Bayan kwana huɗu, da safe, sai ga tsohuwar nan da sandarta, bakin zanenta a jiƙe da ruwan rafi, ta ɗauko tsohuwar tukunya cike da gara, gama gara ce abincin fari na 'yan zabi.

Tun daga ƙofa take cewa, "Gafaranku dai! Ina baƙina? Yau kwanansu ashirin da takwas, na ƙirga. Na kawo musu abin karyawa."

Matar ta tsaya da muciya a hannu. Ta ce, "Ashirin da takwas, Inna?"

"Ai zabo sai ya yi mako huɗu. Kaza ce mai uku. Ba kin ce kin sani ba?"

Sai ta durƙusa, ta faɗi abin da ta yi tun daga farko, ba ta rage komai ba.  Tsohuwar ta ce, "Duka?"

"Duka, Inna."

"Ko guda ɗaya ba ki bar wa Allah ba?"

Matar ta fashe da kuka, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ki ba ni waɗansu. Wannan karon ba zan taɓa ba."

Tsohuwar ta ce, "Zabina sun daina ƙwai. Sai wata daminar, in ina raye." Ta sauke tukunyar, ta juye garar a ƙasa. 'Yan tsakin Afiniki suka kutso ta ƙarƙashin danga, suka cinye ta ƙaƙaf.

To, ku 'yan makaranta, ku buɗe kunne, ga ma'anar wannan misali. Ƙwan nan shi ne abin da Allah ya ɗora a cikin kowannenku, wanda bai fito ba tukuna: karatunku, da aikin da za ku ci abinci da shi nan gaba. Bai ba ku iri ɗaya ba, bai kuma yanka muku kwana ɗaya ba. Wanda kuka zauna a benci ɗaya da shi ya ci jarrabawa ya tafi jami'a, kai kana gida kana shirin sake rubutawa. Sai ka daina cin abinci, ka daina barci, ka daina fitowa sujada don kada a ce maka, "Naka fa?" Masu tambayar nan ba su san abin da ke ƙarƙashin kazarka ba. Da kwanakinsu suke auna ka, kai kuma ka karɓa ka ɗora a kai kana ramewa.

Daga nan sai ka ɗauki ƙusa. Wani ya haɗiyi ƙwayoyi don idonsa ya ƙi rufuwa a kan littafi, har kansa ya juye. Wata ta shiga jarrabawa da amsa a rubuce a cinya. Wani ya bar aikin hannun da ya iya, ya bi karatun da abokinsa ya bi, ya fito ba nan ba can. Dukansu sun ce taimakon kansu suke yi. Ita ma matar haka ta ce.

Kada kuwa wani rago ya ji wannan ya ce an ce a kwanta a jira. Kwancin kaza aiki ne. Ba ta tashi daga kan ƙwai don ta ji ana guɗa a maƙwabta. Ka zauna a kan littafinka kowace rana kamar yadda take zama. In lokacin ci ya yi ka ci, in na barci ya yi ka kwanta, ka yi addu'a, ka koma. Abin da ke faruwa a cikin ɓawo ba naka ba ne, na Ubangiji ne. In kuma abu ya shige maka duhu, ka ce ban sani ba. Malaminka yana nan, fasto yana nan, akwai waɗanda suka bi hanyar kafin ka. Kalma biyu ce ta kashe zabin nan, "Na sani."

Ku iyaye kuma, kada ku gyara zama kamar ba da ku ake ba. Yaro bai gama firamare ba kun sa masa suna Likita. Ya dawo da sakamako, ba ku tambaye shi ko ya ci abinci ba, sai ku ce ɗan wane ya zo na nawa. Kuna ɗaga shi, kuna girgiza shi a kunne safe da yamma, kuna cewa ƙauna ce. Ranar da za ku tsaya a gaban wanda ya ba ku amanarsa, zai tambaye ku, "Kun bar mini wani abu in yi?"

Akwai yara a ikilisiyar nan da aka riga aka huda. Muna ganinsu. A da su ne masu jan waƙa a gaba, yanzu suna zama a bencin baya, bakinsu a rufe, ba sa duban kowa a ido. Ba mu iya mayar musu da ɓawo. Saboda waɗanda suka rage ne aka kawo muku wannan misali.