Ranar da Kotu Ta Zauna a Ƙofar Mai Takaba

A shekarun da ruwan Bakolori ya fara bin magudanai zuwa gonakin Talata Mafara da Bakura, an yi wani manomi a wani ƙauye na bakin magudana, sunansa Ɗantala. Wajen aiki ba a ce masa rago. Aibinsa guda ne, amma babba: da ya ga mutum ba shi da mai tsaya masa, sai ya ɗauka abin hannunsa ya halatta.

Da katafila ta baje filaye don noman rani, itatuwa da gambar da ake gane iyaka da su duk suka tafi. Aka sake rabo, gonar Ɗantala ta faɗo jikin ta wani Jibirin. Ana shirin shuka alkama Jibirin ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Ya bar matarsa Taiba da 'ya'ya ƙanana, ba su da abin dogaro sai wannan gona.

Tun ba a gama karɓar gaisuwa ba Ɗantala ya rushe tudun ƙasar da ya raba gonakin, ya haɗe su, ya zuba alkama. Dabararsa kuwa, sai dai a ce a'uzubillahi! Taiba na takaba, ba za ta taka kotun Mafara ba sai ta fita, kafin nan alkama ta nuna, ido ya saba ganinsa a ciki. Ya kuma san mutanen ƙauyensu sarai, sunan kotu kaɗai tsorata su yake. Taiba ta nemi wanda zai wakilce ta, kowa ya kawo uzuri.

Wata Bafulatana mai tallar nono, Dada, ita ce ta ji kukanta. Ranar kasuwa ta sauke ƙwaryarta a ƙofar kotu, ta zayyana wa alƙali komai. Da labari ya iske Ɗantala, har da riƙe ciki don dariya. Ya ce a ina aka taɓa jin ƙara ba mai ƙara?

Wata Alhamis da hantsi yana ban-ruwa, sai ya hango wani dattijo siriri mai rawani tafe bisa gaɓar magudana, takalmi a hannu, ƙafa duk taɓo, magatakarda da masinja na biye. Ashe mota ce ta kasa shigowa, suka tako. Alƙali Sa'idu ne da kansa. Da masinja ya kira Ɗantala, sai da fartanya ta suɓuce masa.

Abin da ya gani a ƙofar gidan mamacin bai taɓa zaton gani ba a duniya. Mutumin da manya ke miƙewa in ya shigo, shi ne zaune bisa tabarma a ƙasa, jikin zanar gida. Ya yi doguwar ta'aziyya, ya yi wa Jibirin addu'a, sannan ya ɗaga murya.

"Baiwar Allah, zauna inda kike, ki cika takabarki. Tunda ba ki iya taho ma kotu, ga kotu ta taho miki. Faɗi ƙararki, muna saurare."

Daga bayan zana muryar Taiba ta fito, ta faɗi abin da aka yi mata. Tsigar jikin mutane ta tashi, tsofaffi na share hawaye da bakin riga. Ɗantala kansa, duk taurin zuciyarsa, kwarjinin wurin ya cika shi, ya ji kamar a filin hisabi yake tsaye.

Alƙali ya nemi shaidu. Wanda ya fara miƙewa Buba ne, yayan Ɗantala uwa ɗaya uba ɗaya.

"Allah shi gafarta Malam, wagga gona ta Jibirin ce, da ni anka yi rabo. Ƙanena na, amma kabarinmu ba ɗaya ba."

Daga nan bakin kowa ya buɗe. Waɗanda jiya suka kawo uzuri, yau rige-rigen magana suke. Aka ɗunguma zuwa gona, dattawa suka nuna inda iyaka take. Alƙali ya yanke cewa gonar ta magada ce, kuma tunda alkamar ba ta wuce tsiro ba, ta bi gona. Ɗantala ya yi ƙarfin hali ya tambayi makomar irinsa da wahalarsa.

Alƙali ya dube shi ya ce, "Wa ya aike ka?"

Aka miƙa masa fartanya, ya sunkuya gaban duk ƙauye yana mayar da tudun da ya rushe, marayun Jibirin na zaune gefen alƙali suna kallonsa.

Darasin da ke nan shi ne, kada raunin wani ya ruɗe ka ka taɓa haƙƙinsa, kana ganin ba shi da hanyar kai ƙara. Mai riƙe da shari'a kuma ya sani ba kowane wanda aka zalunta ke iya isowa ƙofarsa ba, wani sai an taka an iske shi. Mu kuma da muka san gaskiya, kada mu jira sai alƙali ya zo ƙofar gida kafin mu faɗe ta.