Gawar Kofur Ilu

Ku gyara zama. Na san kun saba in ba ku abin dariya, to yau ku yi haƙuri da ni, wannan labari da likkafani ya zo.

A garin Ɗan Marke aka haifi Ilu, wanda ya shiga soja har ya kai kofur. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, sai dai yana da aibi guda: bakinsa bai iya cewa a'a ba. Ko akuya ce ta roƙe shi hularsa, "to" zai ce mata. Wansa Malam Gwadabe ya taɓa ce masa, "In ta Allah ta kasance, gefen Baba za ka kwanta." Ilu ya ce to. Amininsa Saje Tanimu ya ce, "Mu da muka sha ruwan kwata tare, maƙabartar bariki ce tamu." Ilu ya ce to. Matarsa Hansatu ta ce, "Duk inda na koma da yaran nan, kada ka yi mana nisa." Nan ma to ya ce, yana tauna ƙashin kaza.

Aka tura su daji, aka yi artabu, Ilu ya faɗi. Kowa ya ja da baya ban da Tanimu, wanda harsashi ke cinyarsa. Ya saɓa gawar a kafaɗa ya shiga tafiya. Ya ratsa rafi da ita, ya ratsa ƙaya, ungulaye na bin sa a sama kamar masu rakiyar amarya. Masu ba da labari sun ce sai da takalmansa suka cinye, ya ƙarasa da fatar ƙafa. Yana isa sansani ya zube, aka kwashe shi zuwa asibiti bai san inda kansa yake ba. Ba don shi ba, da kura ce ta yi wa Ilu jana'iza.

Gawar kuwa aka haɗa ta da wasu da aka tsinto daga baya. Rana da ruwa sun riga sun ɓata fuskoki, sunan da ke jikin kaki ya yage. Aka yanke shawarar binne su a rami ɗaya. Motar tana fitowa daga bariki sai ga Gwadabe, wanda ya sauka daga ƙauye da ƙurar hanya a gemu, ya miƙe a gaban taya ya kwanta. Mutum ne siriri, har direba ya ɗauka rake aka yar. Aka yi masa tsawa, aka ɗaga gindin bindiga, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka bi ta kaina, sai ku cike ramin da mu biyu." Haka ya gasu a kan kwalta har Manjo, shugaban barikin, ya sa aka mayar da motar. Ba don shi ba, da ƙasa ta rufe zancen tun kafin azahar.

Amma da aka buɗe masa gawawwakin, Gwadabe ya duba, ya sake dubawa, ya kasa gane ƙaninsa. Sai aka kira Hansatu daga ɗakin takaba. Ba ta kalli fuskar kowa ba, ta ce a cire musu takalma. Ashe a hutunsa na ƙarshe, yana barcin rana, ta ƙunsa masa lalle a ƙaramin yatsan ƙafa don tsokana. Ya farka ya yi ta faɗa, wai namiji kuma soja, ya cusa ƙafar a safa. Lallen bai gama fita daga farce ba. Ta bi ƙafafun nan ɗaya bayan ɗaya har ta tsaya a kan jan farce, ta dafa shi, ta ce, "Wannan ne baban Laure." Ba don ita ba, da har yau ba a san wanne ne Ilu ba.

A nan rigima ta tashi. Manjo ya nemi wanda Ilu ya rubuta a matsayin magajinsa ranar ɗaukar soja, sai ga sunan mahaifinsa, wanda ya daɗe da rasuwa. Tanimu, da ya farfaɗo, ya zo yana dogara sanda.

Gwadabe ya ce, "Saje, an gode da ɗawainiya, amma dako ba ya zama gado. Jinina ne."

Tanimu ya ce, "Malam, jinin naka a rigata ya bushe. Kuma da bakinsa ya yi mini alkawari."

Hansatu ta yi magana daga cikin mayafi: "Yaya, kai da ka kasa gane shi? An ce mu tashi daga bariki, gidanmu zan koma. Ni mace ce, ba zan je maƙabarta ba, amma ina so ɗansa ya taso ya san inda zai tsaya ya yi masa addu'a."

Kowa ya rantse cewa Ilu ya ce masa to, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Wanda ya haɗa rigimar yana kwance a makara, karo na farko a rayuwarsa an tambaye shi abu bai amsa ba.

Wutar ɗakin ajiye gawa ta ɗauke tun safe. Limamin bariki yana ta duban inuwa yana cewa mamaci ba ya jira, ƙudaje sun fara taruwa a bakin taga. Manjo ya ce gawa ɗaya ce, kabari ɗaya za a haƙa, kuma mutum ɗaya zai miƙa wa ita kafin la'asar.

To, jama'a, ga wanda ya ɗauko shi, ga wanda ya tare motar, ga wadda ta gane shi. Wane ne a cikinsu zai ce ga inda za a sa masu haƙa su kafa diga?